Kanarin da na nuna wa abokina

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, aka ba ni bincike in kwatanta rayuwar damisa da ta kanari. Damisa dai a littafi na san ta, ko sawunta ban taɓa gani ba. Kanari kuwa da ƙafata na neme su, har na samu sheƙa biyar a wasu bishiyoyin ƙaya can bayan Tudun Fulani. Kullum da safe ina can da biro da takarda kamar mai gadi, ina jiran ranar ƙyanƙyasa. Rabin makina a kan waɗannan ƙwai yake.

Ina da aboki tela a Dutsen Kura. Wata rana na nuna masa hoton fatar damisa da aka baje ana sayarwa, ya tsayar da keke ya yi ta faɗa. "Wallahi mutane ba su da imani! A bar dabba ta rayu mana!"

Daɗi ya kama ni, na ce na samu ɗan uwa. Da bakina na kwatanta masa wurin, har da bishiyar da za a karya kwana. Na yi masa lacca kyauta: damisa uwa kaɗai ke renon 'ya'yanta, amma kanari idan macen ta hau kwanci, namijin ne ke kawo mata abinci a baki. Kuma shi ne mai waƙar.

Kwana uku na yi ina fama da zazzaɓi. Da na koma, wurin shiru. Babu mazan kanarin, matan sun tashi neman abinci, ƙwai sun yi sanyi.

Da na nufi wurin abokina tela, tun daga bakin layi na jiyo waƙar kanari daga shagonsa. Keji huɗu a rataye. Ashe ya je da kanarinsa na gida a kejin tarko, mazan suka sauko faɗa da baƙo, ya kwashe su.

Na ce, "Kai ne mai cewa a bar dabba ta rayu?"

Ya yi dariya. "Haba mutumina, wannan ai tsuntsu ne, ba damisa ba! Gero nake ba su fa. Zaɓi ɗaya."

Na faɗa masa maganganun da har yau ba zan iya rubutawa ba. Na buɗe kejin duka a gaban kwastomominsa, amma ko ƙwai ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Sai da na ƙara zango guda a makaranta.

Har yau abin na ci mini rai, kuma ba zangon ba ne. Da damisa ya kashe, da shi kansa ya san ya yi ɓarna. Wannan kuwa har gobe yana gaya wa mutane cewa na wulaƙanta shi a kan tsuntsu.

Muna gaisawa. Bai taɓa ba ni haƙuri ba, don har yanzu nawa ban haƙurin yake jira.