Dogon Yaro A Gonar Aro

Na daɗe ina so in rubuta wannan magana ina fasawa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da zai ɓata wa wani rai a gidanmu. Amma kaka ta matso, shi ya sa na zauna.

Shekarun baya wani mutum ya sauka ƙauyenmu, arewa da Tanout, shi da matarsa da 'ya'yansa. Daga bakin tafkin Chadi suka gudo, bayan 'yan bindiga sun ƙone garinsu. Masunci ne. Mutanenmu suka karɓe su. Aka kafa musu bukka kusa da masallaci, mata suka tara hatsi, masu raƙuma suka riƙa ja musu ruwa a rijiya, don ba su da dabba kuma rijiyarmu na da zurfi. Ranar da ya fara leƙa ta, sai ya ja da baya. Tun ranar ake kiransa Sarkin Ruwa, shi ma yana amsawa.

Yayana, wanda shi ne babba a gidanmu, ya ba shi aron wata gonar mahaifinmu. Ni na nuna masa iyaka, na koya masa shukar gero irin tamu, rami nesa da rami. Kowace kaka yana kawo damin hatsi ƙofar yayana, kamar yadda mai aron gona ke yi.

Gonar ba ta da inuwa ko kaɗan. Matarsa kan kafa sanduna ta rataya zane ta kwantar da jaririnta. Bana da bazara sai ya samo 'ya'yan dogon yaro a kasuwa ya dasa a gefen gonar, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki, yana kai musu ruwa a kan jakin maƙwabci. Suka kama.

A wurinmu mai aron gona ba ya dasa itace. Wanda ya dasa, kamar ya ce ƙasar tasa ce. Kowa ya san haka, har babu wanda ya tuna ya faɗa masa. Shi kuwa bai taɓa aron gona ba sai a nan.

Yayana ya kira shi bayan la'asar, ina wurin.

"Sarkin Ruwa, ashe ka gaji mahaifinmu ba mu sani ba?"

Baƙon ya yi dariya. "Malam, ni da ko guga ban mallaka ba, ina ni ina gado?"

"To itacen fa?"

"Inuwa ce. In mun tafi ku sha, in muna nan mu sha tare."

Na ce, "Yaya, mu kira liman da dattawa su shaida cewa itacen namu ne."

Ya ce, "Kai kullum da tsoron ɓacin ran mutane. Liman zai mutu, ni ma haka. Jikokinsa za su nuna itace, namu su nuna me?"

Yayana ba mugu ba ne, shi ya fara ba su hatsi. Ya ce ko a tuge itacen, ko a mayar da gonar bayan girbi. Baƙon ya ce zai tuge. Amma matarsa ta faɗa wa matata cewa in aka tuge, ta gane ba a so su daɗe, gara su ƙara gaba. Ba su da wurin zuwa, kuma 'yarsu babba ta shiga makaranta a nan.

Mai gari ya ce a bar maganar sai an yanke gero. Yanzu gero ya yi kai. Baƙon ya daina zuwa hira gindin masallaci, sai dai ya yi salla ya wuce.

Don haka nake roƙon mai karatu. In a Tarka ko Tenhya ko wani gari an taɓa samun baƙo ya dasa itace a gonar aro, aka sasanta ba tare da an tuge ba kuma bai rasa gonar ba, a taimaka a sanar da ni yadda aka yi da wanda ya yanke maganar, kafin a ɗaure dami.