Fasinjan da Aka Mayar Gida

A shekarata ta biyu a filin jirgin sama na Hamad, can ƙasar Larabawa, aikina tura keken marasa lafiya ne da tsofaffi, daga ƙofar wannan jirgi zuwa ta wancan. Yawancin waɗanda na tura ko fuskarsu ban riƙe ba.

Wata rana da hantsi shugaban sashenmu, wani ɗan Sudan, ya tura ni tarbar jirgin da ya taso daga Turai. Ya ce, "Wannan yana da 'yan rakiya. Ka tura keke kawai, ban da surutu. Yalla, maza."

Sai da kowa ya fita sannan suka fito. Dattijo ne siriri, cikin rigar sanyi da ta yi masa yawa, yana jan ƙafar hagu. Turawa biyu na biye da shi, namiji da mace. Ba su sa kayan sarki ba, amma fasfonsa yana hannun matar. Da ya zauna sai na ji ya ce, "Wash, Allah." Ban san lokacin da na ce, "Sannu, Baba," ba.

Bai waiwayo ba. Ya ce, "Ci gaba da turawa, yaro. Kai ɗan ina ne?"

Na gaya masa. Ashe jiharmu ɗaya. Da ya ƙara magana sai na gane muryar. Sojan baka ne da ake ji a rediyo lokacin ina sakandare, wanda ya addabi wani Alhaji, babban ɗan siyasar yankinmu, a kan filayen makaranta da aka yanka aka sayar.

Muna tafiya yana ba ni labari ƙasa-ƙasa, idonsa na gaba kamar mai lazimi. Yaran Alhajin ne suka tare shi a hanya suka karya masa ƙafa, suka ƙone shagonsa. Ya gudu, ya nemi mafaka a Turai, aka yi ta jan shari'ar shekara da shekaru. Ana cikin haka aka yi zaɓe, jam'iyyar Alhajin ta faɗi, tasu ta hau. Alƙalin can ya ce tun da nasa ne ke mulki yanzu, babu sauran abin tsoro, a mayar da shi gida.

"Na ce musu mutumin ya sauya sheƙa tun kafin a rantsar da sabon gwamna. Hula kawai ya canza. Suka ce in kawo shaida." Sannan ya ce, "Wayata tana jakarsu. Ka taimake ni in ji muryar ƙanwata."

Ba wa irin wannan fasinja waya laifi ne da zai iya sa kamfani ya soke bizata, ga kyamara a kowane lungu. Na ci gaba da turawa. Da muka zo kusa da masallaci, ya ce wa Turawan zai yi alwala. Namijin ya leƙa wurin, ya ga babu wata ƙofa, ya tsaya a waje. Na buɗe famfo sosai, na miƙa masa wayata.

Ina jin muryar ƙanwar tana fitowa. "Yaya, kada ka zo gida. Jiya yaran Alhaji sun zo har da buhun shinkafa, wai a yi maka girkin tarba. Sun tambayi ranar saukarka."

"Kin gaya musu?"

"Ni ban faɗa ba. Maigidana ne ya faɗa, ya ɗauka abin arziki ne."

Baturen ya ƙwanƙwasa ƙofa. Na fizge wayar na cusa a aljihu. Dattijon ya yi alwalarsa a tsanake, amma sai da ya wanke hannu ɗaya sau biyar ko shida.

A ƙofar jirgin Kano ya gaya wa 'yan rakiyar abin da ya ji, bai ce ta ina ya ji ba. Matar ta dube ni, ta daɗe tana dubana, na sunkuyar da kai. Ta ce masa za ta sanar da lauyansa, amma ba su da ikon tsayar da tafiya.

Da aka fara kiran fasinjoji na tura keken, ya ƙi motsi. Ashe ya danne birki, ya riƙe da hannu bibbiyu. Baturen ya matso yana magana a hankali, hannunsa ɗaya a aljihun riga. Wani jami'in tsaro ya taso daga nesa yana magana a na'urarsa. Mutane sun fara juyowa. Na san idan ya yi ihu, da ankwa za a shigar da shi, kuma kowa a jirgin zai san shi ne.

Na durƙusa kamar mai duba taya. Na ce, "Baba, yayana direba ne, yana lodi a Kano. Zan sa ya jira ka. Kada ka fita kai kaɗai. Ka ga mutanen can masu dawowa daga Umara? Ka shige cikinsu."

"Ka yarda da yayan naka?"

"Shi ya rene ni."

Ya dubi jami'in da ke tahowa, ya dubi ƙofar jirgin, sannan ya saki birkin. Na kai shi har bakin jirgi. Bai yi mini sallama ba, don Baturen yana tsaye a kanmu.

Ina fitowa na shige ɗakin ajiye kekuna na kira yayana. Ranar duk wanda na tura sai ya tambaye ni ko lafiya.

Washegari yayana ya kira. Ya ce ya ga samari uku da hular jam'iyya a bakin fita, suna leƙa fuskar duk wanda ya fito. Dattijon ya cire rigar sanyin, wata Hajiya ta ɗora masa jarkar zamzam a cinya, jikokinta suka tura shi har mota. Yayana bai tsaya ko shan ruwa ba sai da suka kai wani gari na bakin iyaka, inda dattijon yake da aboki.

Shugabanmu bai tambaye ni komai ba, amma ya mayar da ni ƙofofin can ƙurya, inda tafiyar ta fi tsawo, na yi wata guda a can.

Har yau dattijon yana garin nan, yana tsare wa abokinsa shagon magani. Lauyan bai sake nemansa ba. Ƙanwarsa kan je ta gan shi da salla, ta ce wa maigidanta asibiti za ta.