Gwangwanin Yashi a Ƙofar Gwaggo Asabe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi, ina cikin mota a gaban wani kanti a unguwar Al Mirqab da ke Doha ina jiran matar maigidana ta gama sayayya, sai ƙanena Nasiru ya bugo daga gida. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Yaya Lawal, sai haƙuri, Baba ya cika da asuba." Na yi salati, na kashe injin mota. Abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Gwaggo fa?" Kafin ya amsa katinsa ya ƙare, layi ya yanke.

Wanda bai san gidanmu ba zai yi mamakin wannan tambaya. Mahaifina, Alhaji Garba, ya yi zango biyu a majalisar dokokin jiharmu. Mutum ne mai kyauta, mai kafiya kuma. Bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba, ko rigima aka kawo masa sai ya ce, "Ku ci tukuna, maganar ba za ta gudu ba." Bai taɓa kai taba bakinsa ba, kuma ranar da ya kama ni da guntuwarta ina ɗan shekara goma sha biyu, kunnena ya gaya mini. Wani halinsa da kowa ya sani shi ne ba ya ba da haƙuri da baki. Yakan ce, "Ni ban iya cewa na yi kuskure ba, sai dai in gyara." Mu 'ya'yansa mun sha jin haushin wannan magana.

Gwaggo Asabe yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi, ita kuma ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. Tana da ɗakin sayar da abinci a bakin tasha, ɗaki mai taga ɗaya. Direbobi su ci tuwo, su kunna taba a nan inda suke zaune. Shekara da shekaru tana shaƙar hayaƙin nan har tari ya kama ta, likita ya tambaye ta kara nawa take sha a rana. Matar da ba ta taɓa riƙe taba ba!

A zangon Baba na biyu aka kawo ƙudurin hana shan taba a gidajen abinci. A daidai lokacin ne wani kamfanin taba ya tuna da mazaɓarmu. Suka haƙa rijiyar burtsatse, suka gyara ajujuwa, suka ba da gudummawar motocin yaƙin neman zaɓe. Ba wanda ya ce ciniki ake yi, kowa dai ya gane. Ranar muhawara Baba ya miƙe ya ce, "Ina da yaya mai sayar da abinci a tasha. Ku hana direba shan taba a kan bencinta, ku ga in za ta sake ɗora tukunya." Aka tafa masa, ƙuduri ya faɗi.

Gwaggo a rediyo ta ji, tana tuƙa tuwo. Bai tambaye ta ba, bai ko sanar da ita ba. Ta ajiye muciya ta ce a gaban kowa, "Da sunana ya yi wannan? Ban yafe ba." Daga ranar ta daina amsa gaisuwarsa, ko da Sallah. Ni kuwa da zafin kan ƙuruciya na same shi a zaure na ce, "Baba, nawa suka sayi ƙirjin Gwaggo?" Ya dube ni ya ce, "Ka gama? To je ka ci abinci." Ba da jimawa ba na samu aikin tuƙi a Doha, na taho. Shekara shida ke nan ina ɗauke da tsoro guda: kada ɗayansu ya mutu wannan kalma ta "ban yafe ba" tana tsakaninsu. Haƙƙin 'yar'uwa ba abin da mutum zai shiga kabari da shi ba ne.

Bara, a hanyar Baba ta dawowa daga Umra, maigidana ya nema masa bizar kwana uku. Ya faɗi zaɓe a lokacin, ya rame, amma kafiyar tana nan. Na kai shi wani ɗan gidan abinci a Al Muntazah inda mu direbobi da masu gadi muke cin shinkafa. Wallahi ban shirya komai ba, arha ce ta kai ni. Muna zaune sai na ga idonsa ya tsaya a kan bango, inda aka manna hoton karan taba an ja masa jan layi. Can wani direba ya gama cin abincinsa, ya fita cikin wannan zafin rana na Doha, ya sha tabarsa a waje, ya dawo ya ce a kawo masa shayi. Baba ya ce, "Lawal, mai wurin nan bai yi asara ba?" Na ce, "Baba, kujerar nan ma da ƙyar muka samu." Ya ce, "Hmm. Ashe dawowa suke yi." Bai ƙarasa shinkafarsa ba. A filin jirgi na so in roƙe shi ya je wajen Gwaggo, amma ban roƙa ba. Abin da ya ce mini kawai shi ne in riƙe aikina.

Shi ya sa yinin Talatar nan na yi shi kamar ba ni ba. Na san an riga an kai shi kafin azahar, ni ina nan ina bin jan wuta da koren wuta. Bayan magariba 'yan'uwa suka taru a ɗakinmu na Madinat Khalifa aka yi masa addu'a. Na sayi kati na buga gida, sai na ji tarin da na sani. Gwaggo ce ta karɓi wayar.

Ta ce, "Lawandi, ƙanena ya tafi." Shekara shida ban ji ta ce ƙanena ba. Na ce, "Gwaggo, kin je?" Ta ce, "Kai, wace irin tambaya ce wannan? A kan cinyata ya cika." Ta ba ni labarin da aka ɓoye mini. Sati ɗaya da dawowarsa daga nan, ya zo tasha da babban gwangwanin madara cike da yashi, ya jawo benci ya zauna a ƙofarta. Bai ce mata uffan ba. Duk direban da ya zo da taba a hannu sai ya miƙa masa gwangwanin. Su ce, "Honorabul, kai da kanka?" Ya ce, "Ni da kaina. Kashe ta nan, ka shiga ka ci." Kullum, daga hantsi har la'asar. Wasu suka yi masa dariya, wasu suka yi fushi suka koma wani wuri, bayan kwana biyu yunwa ta dawo da su.

Ta ce wata biyu tana wuce shi kamar ba ta gan shi ba. Wata rana ta leƙo ta ga rana ta cimma bencin, gumi ya jiƙa masa riga, sai ta zuba tuwo ta kai masa da hannunta ta ce, "Garba, ci kada ya huce." Ta ce, "Tun ranar na yafe masa, duniya da lahira." Na ce to don me ba a gaya mini ba? Ta yi dariya cikin kuka ta ce shi ya hana: "Kada a kai wa Lawal labari, zai ce shi ya koya mini."

Na zauna a ƙasa na yi kuka, kuma ba zan ɓoye ba, rabin kukan na farin ciki ne. Alhamdu lillahi. Ba zan ce ya gyara komai ba. Dokar ba ta dawo ba, tarin Gwaggo bai tafi ba, maganar da na gaya masa a zaure ma ban samu na janye ta ba. Amma abin da na fi tsoro bai faru ba. Nasiru ya ce bayan addu'ar bakwai Gwaggo ta sake ɗora tukunya. Bencin ba kowa a kai, amma direbobi suna sunkuyawa su kashe tabarsu a gwangwanin kafin su shiga.

Ya Allah Ka jiƙan Alhaji Garba, Ka yafe masa abin da ya faɗa a majalisa, Ka karɓi zaman da ya yi a kan benci. Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Gwaggo Asabe lafiya da sauƙin numfashi, Ka ba mu da ya bari haƙuri da haɗin kai. Ni kuma Ka yafe mini kaifin bakina. Amin.