Yadda Hafsatu Ta Raba Layin Intanet

Hafsatu Idris 'yar Kwatarkwashi ce. Mahaifinta manomin gero ne, kuma in an tambaye shi aikin ɗiyarsa sai ya ce, "Iska take gyarawa a Gusau."

Kimiyyar kwamfuta ta karanta. Da ta gama, ta samu aiki a wata cibiyar jarrabawa da ke Sabon Gari, mai kwamfuta ɗari biyu. Mai wurin, Alhaji Tajuddeen, dillalin hatsi ne, mutum mai fara'a da yawan magana.

A watanta na biyu aka yi jarrabawar gwaji. Ɗalibai suka zo daga Tsafe da Bungudu, zaure ya cika. Da lokaci ya ƙare, kowa ya danna aikawa a tare, sai komai ya tsaya cak. Wata ɗaliba har ta fara kuka.

Alhaji ya shigo da sauri. "Mi ya faru, Malama? In layin ya yi ƙanƙanta, gobe a ƙaro babba."

"Alhaji, ka ba ni kwana biyu tukuna," in ji ta.

Ta zauna gaban na'urar da ke raba intanet tana duba masu amfani da ita. Ashe ba jarrabawa kaɗai ke bin layin ba. Wayoyin ma'aikata na kai, ga masu shagunan maƙwabta da suka samu lambar sirri, ga kwamfutocin su ma suna sabunta kansu da rana tsaka.

Ta canza lambar. Ta sa jarrabawa a gaba, wayoyi ta yanka musu ɗan kaso, sabuntawa kuma ta mayar da ita bayan la'asar, lokacin da zaure ya watse. Sannan ta tsara kowane jerin kwamfutoci ya aika amsoshinsa 'yan daƙiƙu bayan na gabansa.

Ranar Asabar aka yi ainihin jarrabawar. Amsa ɗari biyu suka wuce lafiya.

Tana cin ƙosai a ofis sai ga Alhaji da waya a hannu. "Jarrabawa ta yi kyau, Allah shi yi albarka. Amma wayata ta lalace, bidiyon kokawa sai juyawa yake."

Hafsatu ta juyo masa da allon kwamfuta. Cikin duk wayoyin da suka cinye layin ranar gwaji, tasa ce ta ɗaya.

Ya duba, ya sake dubawa, ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. "To kar ki faɗa wa kowa!"

Shi da kansa ya ba da labarin a kasuwar hatsi. Daga nan wata cibiya a Tsafe ta nemi Hafsatu. Yanzu duk Alhamis takan hau mota ta je can, tana koya wa wasu ma'aikata biyu, Salma da Balkisu, yadda ake raba layi.