Ranar da Ticha ke bina

A shekarar da aka yi ƙidayar jama'a, wadda a cikinta rana ta yi husufi har muka fita sallah da hantsi, masu kaɗa bes a Potiskum, iya sanina, mu biyu ne: ni da wani malamin sakandare, Kirista, mutumin Filato, wanda kowa ke kira Ticha. Bes ita ce jitar nan mai dogon wuya da wayoyi huɗu masu kauri. Ba ta da zaƙin murya, gurnani kawai take yi a ƙarƙashin sauran kayan kiɗa, kuma 'yan biki ba su cika sanin tana nan ba sai an cire ta sun ji kiɗan ya zama fayau.

Ticha ne ya koya mini. Ni tela ne a unguwar Dogo Nini, ban yi boko mai zurfi ba, allo na yi. Ya kawo wando a rage masa tsawo, ya tsaya yana kallon yadda nake taka keken ɗinki, sai ya ce ƙafata ta san lissafin kiɗa, saura hannu. Da na fara koyo, ina rubuta wuraren da zan danna da ajami a 'yar takarda in manna a bayan wuyan jitar. Ya duba ya kasa karantawa, ya yi ta dariya. Daga ranar ya sa mini Alaramma, duk da na sha gaya masa ban kai nan ba.

Muna da ƙungiya: mawaƙi, mai fiyano, mai ganga, mai ƙaramar jita, sai ni. Mukan yi bikin aure, da walimar ƙarin girma, da bankwanan ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki. Amfilifaya, akwatin da ke ƙara wa jita sauti, ɗaya ce tsakanina da Ticha, tasa ce. Asabar tana wurina, Lahadi da sassafe in ɗora ta a babur in kai masa gidansa a Bolewa don ya tafi da ita coci. Wayar bes ba a samunta a garinmu sai an yi saƙo Kano ko Jos, saboda haka in ta dushe mukan dafa ta a tukunya, dattin ya fita, mu shanya mu mayar. In la'asar ta yi a tsakiyar wasa nakan jingine jita in tafi, mai fiyano ya riƙe mini da hannun hagu har in dawo. Akwai masu ganin wannan harka ba ta dace da mai zuwa sahun gaba ba. Ban taɓa yi musu gardama ba. Na bar wa Allah, Shi ya san abin da ke zuciyar kowa.

Makaɗan garin muna da wata ƙa'ida da ba wanda ya rubuta ta. In uzuri ya same ka wani ya tsaya maka a wasa, ba ka biyansa da kuɗi. Kason ranar naka ne, domin mai uzuri ya fi bukata. Shi kuma yana binka rana. Duk sa'ad da tasa ta taso zai aiko, ka ajiye abin da kake yi ka tsaya masa.

Wata Asabar a shekarar nan ta husufi, muna da babban biki da yamma, aka aiko mini da safe cewa Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa a Gadaka. Kafin in nufi tasha na biya gidan Ticha. Na same shi a baranda yana duba takardun ɗalibai.

"Alaramma, yau Asabar fa. Ko ka tuba ka zo mu tafi coci?"

Na gaya masa. Ya ajiye biro ya miƙe, ya riƙe hannuna.

"Allah ya ji ƙan Mama. Tafi. Wa ke kan ganga yau?"

"Na kullum."

"To shi ke nan. Ka tafi, kar ka rasa jana'iza."

Ya yi wasan, aka ce ma ya fi ni. Bayan sadakar bakwai na dawo, mawaƙinmu ya ba ni kasona cif. Na sayi kaza na kai wa Ticha, ya karɓa ya ce ta matarsa ce wannan, shi ranarsa tana nan.

Na yi ta jira ya aiko, bai aiko ba. Mutum ne da ko zazzaɓi ba ya kwantar da shi. Wasansa kuma yawanci na coci ne, ya san ba zan shiga can in yi ba, bai kuma taɓa neman ya sa ni a tsaka mai wuya ba. In na tuna masa sai ya ce, "Ina ajiya ne. Ranar da zan karɓa sai ka yi gumi."

Daga nan fitina ta shigo gari. Ba zan tsaya ba da labarinta ba, duk wanda ya zauna a nan ya sani. Aka sa dokar hana fita, aka hana babur, taro ya zama abin tsoro. Aure ya koma ɗaurawa a watse. Doguwar baƙar jaka irin ta jita ba abin da mai hankali zai rataya ya bi ta shingen bincike ba ne. A watannin da aka yanke layin waya Ticha ya kwashe iyalinsa ya koma gida. Ban sani ba sai da maƙwabcinsa ya turo mini amfilifayar a baro, ya ce an ce a kawo wa tela. Ko sallama ba mu yi ba.

Da gari ya lafa, ƙungiya ba ta dawo ba. Mai gangarmu ya kwanta ciwo ya rasu, aka sayar da gangunan. Mawaƙi ya kama shago a kasuwar hatsi, in mun haɗu sai gaisuwa. Mai ƙaramar jita ya tafi neman aiki kudu, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Mai fiyano kaɗai ya tsira a harkar, domin ya sayi kwamfuta da sabon fiyano mai ganga da bes a cikinsa, ya zama di-je. Mutum ɗaya, keke napep ɗaya, an gama biki. Wa zai ciyar da mutum biyar? Na ɗora jitata a kan kwaba. Na ce in sayar, ba mai saye. Kuma can ƙasan raina ina cewa ana bina rana, ba zan rabu da ita ba tukuna.

Bara, bayan ƙaramar sallah, wata baƙuwar lamba ta kira ni ina shago. Muryar ta yi nauyi, kalmomin suna jan ƙafa.

"Alaramma. Ka tsufa ko?"

Na ajiye almakashi. Muka daɗe muna gaisawa, ya tambayi waɗanda suka rage, na lissafa masa waɗanda babu. Sannan ya ce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Autarsa, wadda aka haifa a nan, za ta auri wani ɗan garin nan da suka yi makaranta tare, kuma a nan za a yi liyafa. Tun tana ƙarama ya yi mata alkawarin shi zai kaɗa mata bes ranar aurenta.

"Hannun ya ƙi. Na zo karɓar ranata."

Na sauko da jita. Wayoyin sun yi tsatsa, na dafa su, ɗaya ta tsinke a wurin ɗaurawa, sai da na yi saƙo. Mai gyaran rediyo ya buɗe amfilifaya ya fitar da sheƙar ɓera, ya yi kwanaki yana neman abin da ya ƙone. Kantar da ke kan yatsuna ta daɗe da gogewa. Na riƙa gwaji tsakanin azahar da la'asar, ƙofa a rufe, har yatsun suka yi bororo suka fashe. Matata ta ajiye mini man kaɗanya a bakin gado. Waƙar da amarya ke so tsohuwa ce, mun sha yin ta. Kaina ya tuna ta sarai. Hannun ne ke zuwa a makare.

Ranar liyafa na isa ɗakin taron da wuri. Di-jen bikin tsohon mai fiyanonmu ne, ya yi furfura ya yi tumbi. Ya rungume ni, sannan ya dubi amfilifayar.

"Kai Malam, wannan akwatin yana raye? Bar shi nan, janareta ba zai ɗauka ba ga fankoki. Kawo in jona ka a nawa."

Ya jona ni a na'urarsa. Aka shigo da Ticha ana riƙe da shi, ya rame, hannun hagu a naɗe a ƙirji. Aka zaunar da shi a teburin iyaye, ya ɗaga mini na dama.

Da lokaci ya yi, mai gabatarwa ya ce ga abokin baban amarya zai tsaya a madadinsa. Di-je ya danna, gangar cikin fiyano ta tashi. Na shiga.

Mai bes ƙafar mai ganga yake bi. Duk shekarun da na yi ina wasa, idona na hagu yana kan ƙafar mutumin nan, in na yi jinkiri ya jira ni kaɗan, in ya yi gaggawa in ja shi baya, ba wanda ya sani sai mu biyu. Ranar na waiga hagu, kulolin shinkafa ne a jere. Na'ura ba ta jiran kowa. A baiti na farko na bi ta da ƙyar. A na biyu yatsan da ya fashe ya zame, na makara, na yi ƙoƙarin kamowa na wuce. Gumi ya cika mini ido.

Can sai na ji kiɗan ya daidaita. Bes ta fito tas, mai nauyi, ba tangarɗa. Amarya ta taso tana rawa, mata suka yi guɗa, aka fara liƙi. Na yi hamdala a zuci, na ce hannu ya dawo. Sai zufa ta shiga idona sosai, na ɗaga hannun dama na share. Bes ba ta tsaya ba.

Na dubi di-je. Bai dube ni ba, idonsa na kan kwamfuta. Ashe ya rufe layina ya kunna bes ɗin cikin fiyano. Ba mugunta ya yi ba, biki ya ceta, ni ma ya rufa mini asiri. Na mayar da hannu na ci gaba da motsa yatsu a kan wayoyin da ba mai jin su har waƙar ta ƙare. Aka yi tafi. Wata mata ta manna mini kuɗi a goshi ta ce ashe tsofaffi da sauransu.

Na fita na yi la'asar a gindin darbejiya, ban koma ciki ba. Ina zaune a wani dogon benci na katako a bayan ɗakin taron, jita a cinya, sai ga ango ya riƙo Ticha ya zaunar da shi kusa da ni ya koma.

"Ticha, ban biya ba. Ba ni aka ji ba."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun da kuskure ya ƙare. Ni na koya maka, ban san hannunka ba?" Ya goge bakinsa da hankici. "Yarinya ta ji daɗi. Tana can tana kuka wai kiɗan kamar na babanta. Kar ka gaya mata."

"To ranarka fa?"

Ya dubi jitar. A ciki an sa wata waƙar zamani, bango yana rawa.

"Jingina kanta a bencin nan."

Haka mai bes ke yi in babu wuta: ya dafa kan jitar a jikin ƙofa ko benci, katakon ya ɗauki sautin. Na dafa. Ya shimfiɗa tafinsa na dama a kan bencin, ya fara buga ƙasa da ƙafarsa mai lafiya. Na bi ƙafar. Hayaniyar ciki ta danne kusan komai, ni kaina a cinyata nake jin abin da nake kaɗawa. Na makara a inda na makara ɗazu, ya jira ni.

"Kana gudu a amshi. Kullum kana gudu a amshi, Alaramma."

Na sassauta. Muka kai ƙarshe. Yatsana ya ɓata waya da jini, na goge da bakin riga.

Na tambaye shi ko a can garinsu akwai yara masu koyo. Ya ce akwai ɗaya da ya fara zuwa, da ya ga fiyano na yi da kansa sai ya daina. Ya tambaye ni nan fa. Na ce ko ɗaya. Na ce ya tafi da amfilifayarsa, an gyara. Ya ce ya kai ta ina, ya jona mata me.

Aka leƙo aka ce ana neman baban amarya za a ɗauki hoto. Na taimaka masa ya miƙe, ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya riƙe kafaɗata har ya sami tsayuwa.

"Ka biya," ya ce. "Ba na binka komai."

Na so a ce ya bar ko rabin bashin. Na ce masa na gode, Allah ya ba da zaman lafiya. Ya ce amin, aka shiga da shi.