Abin da Ya Cika Kwamfutar Baba

Wata Talata da hantsi, shekarar da na shiga aji shida, maniyyata daga Geza da Bahindi suka cika rumfar shagon hoton Baba a Bagudo, kowa yana jiran hoton fasfo, ga motar da za ta kai takardunsu Birnin Kebbi ba ta wuce azahar. A ranar ce kwamfutarmu ta cika maƙil, ta ƙi karɓar ko hoto ɗaya. Baba ya duƙufa yana bin folda ɗaya bayan ɗaya, ya danna, ya duba nauyinta, gumi na ɗiga daga gemunsa, man janareta kuma saura ƙiris. "Wai mi ya cinye wurin ga?" yake ta faɗi.

Ni na sani sarai. Wata uku ina kwasar bidiyon kokawa daga wayoyin 'yan kabu-kabu masu tsallaka iyakar Benin, ina jibgewa a wata folda da na raɗa wa suna Darasi. Baba kuwa tun zuwan shari'a ya hana kallo a shagonsa, bulalarsa ba ta san wasa ba. Da ya iso kan foldar tawa sai ya ce, "Wagga ta karatun yaro ta," ya wuce bai duba ba.

Ya tsaya kan foldar tsofaffin hotuna. Al'adarsa ce ba ya goge hoton kowa, domin in mutum ya rasu danginsa kan zo nema, ya wanke musu kyauta. Ya daɗe yana kallon foldar, wani tsoho a waje yana roƙon a taimaka masa kada tafiyarsa ta lalace. Na buɗe baki, tsoro ya rufe mini shi. Baba ya yi bismilla ya goge.

Bayan damina wata mata daga unguwar masunta ta zo da goyo. Ruwa ya ci mijinta, tana son hoton da ya taɓa ɗauka, yaran su san fuskarsa. Sau uku tana cewa, "Malam, ƙara dubawa." Baba ya duba, alhali ya san babu. Ina tsaye ina ji, kokawata na nan lafiya lau.

Yau wayar da ke aljihuna ta fi waccan kwamfuta ciki nesa ba kusa ba, jama'a na ɗaukar hoto suna gogewa ba ko waiwaye. Baba ya rasu yana ganin laifinsa ne, ni kuwa ban taɓa gaya masa ba.