Lawandi da Rijiyar Duniyar Wata

Duk wanda ya taɓa kai wa marigayi Lawandi gyaran rediyo a unguwar Sabo ta Ibadan ya san ba a karɓar kaya a wuce haka nan. Sai ya ce maka, "Zauna, minti biyu." Ya jawo ƙofar wani mataccen firji daga ƙarƙashin benci, ya ɗora muku a gwiwa, ya shiga bayani. Minti biyun nan, wallahi, ya sha kai mutum daga azahar zuwa la'asar.

Ƙofar firjin nan ita ce duniyar Wata. Ya shafe ta da gam da toka, ya lilliƙa kwalayen ashana a matsayin gidaje, ya kafa murfin kwalba a tsakiya ya ce rijiya ce. Sojojin kuwa kowanne bai fi ƙwayar wake ba, da tarkacen cikin rediyo ya ƙera su. Kowane ɓangare soja goma, kumbo ɗaya, da mutum-mutumi mai ƙafa uku. Soja yana tafiya tsawon gaɓar yatsa, kumbo tsawon tsinken tsintsiya. Wanda yake riƙe da rijiya bayan zagaye biyar, shi ya ci.

Ranar da ya fara koya mini na ce, "Yanzu mutanen da suka iya zuwa Wata, a kan rijiya za su yi yaƙi?"

Ya dube ni kamar na ba shi kunya. "Sale, ka taɓa tsayawa layin famfo a Sabo da rani? To su ɗin ai jikokinmu ne!"

Daga ranar na kamu. Shekara goma sha ɗaya, kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, sai in rufe rumfar gorona in zauna gabansa. Kuma ban taɓa cinsa ba. Ko sau ɗaya! Ku yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ba abin da nake so kamar in tashi daga bencin nan rana ɗaya rijiya tana hannuna.

Da farko da ɗan ludo ake harbi. Sai Malam Habu, limamin masallacin layinmu, ya zo ya ce wannan abin yana kama da caca, a daina. Lawandi bai yi musu ba. Ya miƙa hannu cikin huhuna ya ɗauki goro biyu, ya ɓare su gida huɗu, ya kafa sabuwar doka: a watsa, in uku ko huɗu sun faɗi a buɗe harbi ya samu, in sun kife ya kuskure.

Abin da ya manta, a ƙasar Yarbawa muke, inda watsa goro aikin masu duba ne. Wata Juma'a muna tsakiyar yaƙi sai ga Iya Bose, mai sayar da manja a bakin titi, ta zo ta durƙusa.

"Ejo, don Allah Baba Rediyo, a duba mini. 'Yata za ta tafi Legas gobe, hanya da kyau?"

Lawandi ko jin ta bai yi ba, hankalinsa yana kan kumbona. Ya watsa goro, huɗu a buɗe, ya daka tsalle ya ce, "Ya kama da wuta! Ba wanda ya fita da rai!"

Wayyo! Matar nan ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, unguwa ta taru. Da ƙyar muka fahimtar da ita. Malam Habu ya iso yana huci.

"Lawandi, na raba ka da caca, ka koma duba?"

"Allah gafarta Malam, zauna ka gani da idonka."

Malam ya zauna. Aka kashe masa soja bakwai. Ya tashi ya kaɗe riga ya ce ya bincika, ba caca ba ce, ba duba ba ce, ɓata lokaci ne kawai. Mako mai zuwa sai ga shi ya dawo, wai binciken bai kammala ba.

Ni ma goron ya taɓa jawo mini. Kun san hannun mai goro. Ina cikin tunanin inda zan kai kumbo, na ɗauki ɓari ɗaya na jefa a baki. Lawandi ya ƙirga ya ga uku, ya dubi bakina yana motsi.

"Ka cinye makami?"

"Haba, ga huhu guda, ɗauki wani."

"Wanda ka cinye ɗin ya san aiki! Wata biyu yana harbi!"

Nan take ya yanke mini hukuncin cin amanar ƙasa, ya kwashe mini soja biyu ya kulle a gwangwanin madara.

A shekarar ƙarshe yanar ido ta rufe masa gani. Bai taɓa yarda ba, cewa yake ranar Ibadan ce ta rage haske. Ya daina gyara, amma bai daina wasa ba. Da yatsa yake lalubo sojojinsa, in ya watsa goro ni nake faɗa masa yadda suka faɗi.

Wata Juma'a, zagaye na biyar, kumbona yana kan rijiya. Abin da ya rage masa mutum-mutumi ɗaya da harbi ɗaya. Ya watsa. Ɗaya a buɗe, uku a kife. Ya kuskure, na ci ke nan. Na ɗaga kai na dube shi, ya rame, ya karkato kunne yana jira. Sai tausayi ya kama ni.

Na ce, "Huɗu a buɗe. Ka harbo ni."

Ya shimfiɗa tafinsa a kan goron, ya shafa su ɗaya bayan ɗaya.

"Sale, ɗaya ne."

Ya juyo wajena ya ci gaba.

"Shekara goma sha ɗaya ina cinka da gaskiya, yau ni za ka ba sadaka? Ɗauki rijiyarka kawai!" Ya lalubo hannuna ya ɗaga sama, ya leƙa titi ya ƙwala wa 'yan okada kira. "Jama'a, ku shaida! Sale ya ci! Sai da na makance ya iya, amma ya ci!"

Aka yi ta dariya, ni kuwa hawaye nake sharewa da hula. Juma'ar da ta biyo baya yana kwance, ta bayanta kuma mun riga mun kai shi makwancinsa.

Na samu abin da na daɗe ina nema, amma wallahi da za a karɓe shi a ba ni Juma'a ɗaya in zauna ya sake cinye ni, da gudu zan bayar. Allah ya jiƙan Lawandi, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya buɗe ido a Aljanna. Amin.